Inabin Ƙasar Girka: Tarihinsa, Ire-irensa da Gonakinsa

Duk wanda ya bi sawun Manzo Bulus a taswirar da ke bayan Littafi Mai Tsarki zai ci karo da Filibi, Tasalonika, Biriya, Atina, Koranti da Karita. Dukansu a ƙasar Girka ta yau suke, wato ƙasar mutanen da Littafi yake kira Helenawa, kuma kowannensu yana dab da gonakin inabi, a zamanin manzon da kuma yau. Mu kuwa a Arewa, yawancinmu ba mu taɓa ganin kurangar inabi a gona ba. 'Ya'yanta kaɗai muke gani a tiren masu sayar da kayan marmari. Shi ya sa idan wa'azi ya kawo mu kan kuranga da rassa, ko kan sabon ruwan inabi da tsohuwar salka, sai mu riƙa lalube. A nan mun tattara abin da aka sani game da inabin Girka: ƙasar da yake fitowa, yadda ake nomansa, tarihinsa, da ire-irensa. Abin da zai fito fili shi ne, inabin Girka ɗan wahala ne. A kan dutse yake girma, a cikin fari yake nuna, kuma da hannun manomi ya ɗore fiye da shekara 6,000.

Ƙasar da yanayinta

Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Girka duwatsu ne da tuddai, ga kuma tsibirai barjat a tekun da ke kewaye da ita. Filin noma mai laushi kaɗan ne, kuma tun dā ana keɓe shi ga alkama da sha'ir. Gangaren tsakuwa da ba ya karɓar hatsi shi aka bar wa zaitun da inabi, domin saiwarsu tana nutsawa can ƙasa ta nemo laima.

Yanayinsu ya juya wa namu baya. Mu ruwanmu da zafi yake zuwa, sanyinmu kuma busasshe ne. Su kuwa ruwansu da sanyi yake sauka, daga wajen Oktoba zuwa Maris, sa'an nan daga Yuni zuwa Agusta rana ta ƙwalle, ruwa ya ɗauke kusan ɗungum. Wannan shi ne abin da kuranga take so. A lokacin sanyi takan zubar da ganye ta yi barci, da bazara ta toho, ta yi fure a watan Mayu, 'ya'yan kuma su nuna a cikin rani. Idan ruwa ya sauka a kan nunannun 'ya'ya, sukan fashe su ruɓe. Idan ƙasa ta cika taki da laima, kuranga takan yi ta ganye, 'ya'yan su fito salam-salam. Saboda haka manoman Girka sun fi daraja gonar da ta wahalar da kuranga, wadda take ba da 'ya'ya kaɗan masu ƙarfin ɗanɗano.

Daga gona zuwa tulu

Sabuwar kuranga takan yi shekara 3 kafin ta ba da amfanin kirki. Aikin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne datsar rassa, wadda ake yi a Janairu da Fabrairu. Manomi yakan sare mafi yawan abin da kurangar ta fitar a bara, ya bar 'yan idanu kaɗan, gama a kan sabon reshe ne kawai inabi yake haihuwa. Rassan da aka sare ba su yin katako, sai dai a tara su a hura wuta. Girbi yakan soma a farkon Agusta a tsibirai masu zafi, ya kai Oktoba a tuddan arewa.

A dā, akan zuba nonnan inabi a wani kwarami na dutse ko na yumɓu, mutane su shiga su tattake da ƙafa, ruwan ya gangara ta wata kafa zuwa randa. Ba a daɗewa, cikin kwana ɗaya ko biyu, sai ruwan ya soma kumfa kamar ana tafasa shi, alhali ba wuta. Dalili shi ne, akwai yisti a jikin ɓawon inabi da cikin iska, wanda yake cin sukarin ruwan ya mai da shi barasa da iska. Wannan iskar ce take kumbura salka. Sabuwar fata tana miƙewa, tsohuwa kuwa ta riga ta bushe, sai ta tsage. Idan kumfar ta kwanta bayan 'yan makonni, ruwan yakan tsaya da barasa kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Idan aka bar shi a buɗe iska tana shiga, sai ya juye ya zama ruwan tsami.

Ba abin sha kaɗai Girkawa suke samu daga kuranga ba. Suna shanya 'ya'yan su zama zabibi, suna dafa ɗanyen ruwan har ya yi kauri kamar zuma, abin da suke kira petimezi, suna kuma naɗe shinkafa a cikin ganyen su dafa.

Tarihin farko

Shaida mafi tsufa ta fito ne daga wani tsohon kufai mai suna Dikili Tash, wanda yake 'yan kilomitoci kaɗan daga kangon birnin Filibi. A cikin wani gida da gobara ta cinye wajen shekara 4,300 kafin haihuwar Almasihu, masu tono sun sami ƙwayoyin inabi da matsattsun ɓawo tare da tukwane. Wannan yana cikin shaidu mafi daɗewa na matsar inabi a nahiyar Turai. A tsibirin Karita, a wani wuri da ake kira Vathypetro kusa da garin Archanes, har yanzu ana ganin matsewar inabi ta yumɓu da aka yi amfani da ita wajen ƙarni na 16 kafin haihuwar Almasihu. A fadar Pylos da ke kudancin ƙasar kuma an sami allunan yumɓu na ƙarni na 13 kafin haihuwar Almasihu, inda magatakardan sarki suka rubuta lissafin ruwan inabi. A irin waɗannan alluna ne sunan Diyonisus, gunkin da Helenawa suka ɗauka shi ne ubangidan inabi, ya fara bayyana.

Da biranen Helenawa suka bunƙasa, ruwan inabi ya zama babbar hajarsu. Suna ɗura shi a dogayen tuluna masu hannu biyu da tsinin gindi, su jera a cikin jirgi. Duk inda suka kafa sabon gari, daga kudancin Italiya zuwa gaɓar Baƙin Teku, sai sun dasa kuranga. Su ne suka kafa birnin Marseille na Faransa wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, daga nan noman inabi ya yaɗu a kudancin ƙasar. A shekarar 1953 an tono wata ƙatuwar tukunyar tagulla ƙirar Helenawa a ƙauyen Vix na Faransa, tsayinta mita 1.64, tana ɗaukar lita 1,100, an yi ta ne don gauraya ruwan inabi.

Kowane tsibiri yana da sunan da ya yi. Na Kiyos shi ne mafi tsada, ana kuma yabon na Lesbos, inda birnin Mitilini yake, da na Thasos. Mutanen Kos sukan zuba ɗan ruwan teku a nasu don kada ya lalace. Wanda ya karanta Ayyukan Manzanni sura 20 da 21 zai lura cewa jirgin da ya ɗauko Bulus ya bi ta Mitilini, Kiyos, Samas, Kos da Rodusa, wato ainihin hanyar fataken ruwan inabi. Tsibirin Thasos, wanda yake daura da tashar Niyabolis inda Bulus ya fara taka ƙasar Makidoniya, ya sassaƙa dokokin cinikin a kan dutse tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu. Dokokin sun hana sayen amfanin gona kafin ranar da aka ƙayyade, sun bukaci a rufe randa da hatimi kafin ciniki ya tabbata, sun kuma hana jiragen tsibirin shigo da ruwan inabin waje yankinsu. A hannun tulunansu akan buga tambarin gari da sunan jami'in shekarar, domin mai saye ya san asalin abin da ya saya.

Gaurayawa da ruwa

Helenawan dā ba sa shan ruwan inabi tsagwaronsa. Akan zuba shi a babbar tukunya mai suna krater, a ƙara ruwa. Marubucinsu na dā Hesiyod ya ba da shawarar ma'auni 3 na ruwa a kan 1 na ruwan inabi, wasu kuma sukan yi 2 a kan 1. Idan aka yi 3 a kan 1, ƙarfin barasar yakan sauko zuwa kashi 3 ko 4 cikin 100. A wurin biki akan naɗa mutum ɗaya ya yanke yawan ruwan da za a zuba da yawan tukwanen da za a sha. Shan wanda ba a gauraya ba, a ganinsu, halin kangararrun al'ummai ne. Masanin tarihi Hirodotus ya kawo labarin cewa mutanen Sparta sun danganta haukar sarkinsu Kleomenes da koyon shan tsagwaro daga Sikitiyawa. Al'adar ta yi ƙarfi har ta canja sunan abin: a bakin Girkawan yau ana ce wa ruwan inabi krasi, daga tsohuwar kalmar da take nufin gaurayawa.

Kada mu ɗauka gaurayawar ta hana buguwa. Wanda ya sha da yawa yakan bugu, kuma bukukuwan Diyonisus sun yi ƙaurin suna wajen maye da lalata. A Atina akwai idin buɗe randunan sabon ruwan inabi a ƙarshen sanyi, wanda ake kira Anthesteria, har da gasar sha a cikinsa. A cikin irin wannan gari ne wani ɗan majalisa mai suna Diyonisiyas, wanda sunansa ma daga na gunkin aka samo shi, ya ba da gaskiya ga wa'azin Bulus. Ban da sha, likitoci ma suna aiki da shi. Hippokrates na Kos da almajiransa sukan wanke rauni da ruwan inabi, su kuma ba masu ciwon ciki kaɗan daga ciki.

Zamanin ikilisiya, 'yan Benis da Turkawa

Da bangaskiyar Kirista ta kafu a ƙasar, haikalin Diyonisus ya mutu amma gonaki suka rayu, domin ikilisiya tana bukatar ruwan inabi don Jibin Ubangiji. Yustin Shahidi, wanda ya yi rubutu da Helenanci wajen shekara ta 150, ya bayyana cewa akan kawo gurasa da ƙoƙon ruwan inabi gauraye da ruwa a taron ranar Lahadi. Ikilisiyar Otodoks ta Girka tana bin wannan har yau. Tana amfani da jan ruwan inabi mai zaƙi da ake kira nama a harshensu, ana ƙara masa ruwan ɗumi kafin a raba. Ran 1 ga Fabrairu manoma sukan kai wuƙaƙen datsa coci don tunawa da Trifon, wanda suke ɗauka waliyyin masu gonar inabi, ran 6 ga Agusta kuma, a idin Sākewar Kamannin Yesu, sukan kawo nunan fari na inabi a sa albarka.

Gidajen sufaye sun zama manyan masu gonaki. A Dutsen Athos, inda aka kafa babban gidan sufaye na farko a shekarar 963, kuma yanzu akwai guda 20, ba a taɓa daina noman inabi ba. A tsakiyar zamanai, tashar jiragen Monemvasia da ke kudu ta yi suna da wani ruwan inabi mai zaƙi, wanda fataken Benis suka lanƙwasa sunansa ya zama Malvasia. Da suka mallaki Karita daga farkon ƙarni na 13 zuwa 1669, suka mai da tsibirin babbar gonar wannan haja, suna kai ta har Ingila.

A ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda ta ci Kustantiniya a 1453, ba a hana Kirista noman inabi ba, amma an ɗora masa haraji, ciniki ya ja baya, noman ya koma na gida da na sufaye. Wasu wurare, kamar Naoussa a arewa da tsibirin Santorini, sun sami sassauci suka ci gaba da fitarwa waje.

Zabibi, annoba da farfaɗowa

Bayan yaƙin neman 'yanci da ya soma a 1821, sabuwar ƙasar Girka ta dogara ga wani ƙaramin baƙin inabi marar ƙwallo da ake shanyawa, wanda ya ɗauki sunan Koranti. A wasu shekarun ƙarni na 19, wannan zabibi ya kai fiye da rabin kuɗin da ƙasar take samu daga waje. Da wani ƙwaro mai suna filoksira, wanda ya shigo Turai daga Amurka yana tsotse saiwar kuranga, ya hallaka gonakin Faransa a shekarun 1870, sai Faransawa suka riƙa sayen zabibin Girka suna jiƙawa su yi ruwan inabi. Manoman kudancin Girka suka ci bashi suka cika ko'ina da iri ɗaya. Da gonakin Faransa suka farfaɗo, ta ɗora haraji a kan zabibin waje, farashi ya faɗi warwas. A watan Disamba na 1893 firayim minista Trikoupis ya sanar cewa ƙasar ta kasa biyan bashinta, dubban manoma kuma suka yi ƙaura zuwa Amurka.

Ƙwaron ya iso Girka ta wajen Tasalonika a 1898, ya bi gonakin arewa yana ci. Maganinsa ɗaya ne, wato aure, irin wanda masu lambunmu suke yi wa mangwaro: a ɗauki reshen irin gida a ɗaura shi a kan saiwar kurangar Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Yaƙe-yaƙen duniya biyu da yaƙin basasa na 1946 zuwa 1949 sun ƙara durƙusar da karkara. Tsofaffin kamfanoni kaɗan ne suka riƙe sana'ar, kamar Achaia Clauss da aka kafa a Patras a 1861 da Boutari da aka kafa a Naoussa a 1879, sai ƙungiyoyin gama kai na manoma, irin ta Samas da aka kafa a 1934.

Gyara ya soma a 1971, lokacin da gwamnati ta shata yankunan inabi ta kuma ƙayyade irin da za a shuka a kowanne, aikin da masaniya Stavroula Kourakou-Dragona ta jagoranta. Girka ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai a 1981. Yau akwai yankuna 33 da doka ta kare sunansu. Gonakin inabin matsewa sun kai wajen hekta 60,000, kuma a shekara mai kyau ƙasar takan yi wajen lita miliyan 200, wanda kusan kashi biyu cikin uku fari ne. Italiya tana ninka wannan wajen sau 20. Ƙarfin Girka ba a yawa yake ba, a ire-irenta na gado yake, waɗanda aka ƙiyasta sun kai wajen 300.

Fararen ire-ire da gonakinsu

Assyrtiko shi ne ya fi suna, gidansa kuma tsibirin Santorini. Dutse mai aman wuta ya fashe a can wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Almasihu, ya binne tsibirin da toka da tsakuwa mai raga-raga. Ruwan sama ba ya kai milimita 400 a shekara, iska mai ƙarfi tana kaɗawa duk rani. Saboda haka manoma ba sa ɗora kuranga a kan sanda. Suna murɗa rassan su naɗe su a ƙasa kamar gammo, 'ya'yan su rataya a ciki, a ɓoye daga iska da rana. Wannan naɗi shi ake kira kouloura. Da dare hazon teku yakan sauka, ƙasar ta tsotse shi, kuranga ta sha. Bayan shekaru masu yawa akan sare gammon daga gindi, saiwar ta sāke tohowa, don haka akwai saiwoyin da suka yi ɗaruruwan shekaru. Filoksira ba ya rayuwa a wannan toka, shi ya sa kurangar Santorini ba ta bukaci aure ba. Ruwan Assyrtiko yana da kaifin tsami da ɗan gishiri-gishiri. Idan aka shanya 'ya'yan a rana kafin a matse, sai a sami Vinsanto mai zaƙi, wanda a ƙarni na 19 ake kai wa ikilisiyoyin Rasha. Damuwar yau ita ce gonakin sun ragu zuwa hekta dubu da 'yan kai, domin gina masaukin baƙi ya fi noma kawo kuɗi.

Savatiano shi ne aka fi shukawa a ƙasar, musamman a filayen da ke kewaye da Atina, saboda jimirinsa ga fari. Da shi da Roditis ake yin retsina, ruwan inabin da ake sa wa ƙaron itacen da Girkawa suke kira pefko. Asalin wannan ɗanɗano daga dā ne, sa'ad da ake shafe cikin tulu da bakinsa da ƙaro don kada iska ta shiga, har mutane suka saba da ƙamshin.

Moschofilero yana da ɓawo ja-ja amma ruwansa fari ne mai ƙamshin fure. Ana nomansa a tudun Mantinia, wajen mita 650 sama da teku, inda sanyi yake jinkirta girbi har Oktoba. Robola yana fitowa a farar tsakuwar gangaren Dutsen Ainos a tsibirin Kefaloniya. A Samas, ƙaramin farin inabi mai ƙamshi da ake kira Moschato yana hawa Dutsen Ambelos a kan matakalan gonaki da aka tokare da jeren duwatsu, irin waɗanda ake gani a duwatsun Gwoza, har zuwa mita 800. Abin mamaki, masanin ƙasa Strabo, wanda ya rayu a farkon ƙarni na 1, ya rubuta cewa ruwan inabin Samas ba shi da kyau, ga shi yau zaƙinsa ya kai ko'ina a duniya. Malagousia kuwa saura ƙiris ya ɓace. A shekarun 1970 wani malamin jami'ar Tasalonika, Vassilis Logothetis, ya samo shi a wani ƙauye, Evangelos Gerovassiliou kuma ya gwada shi ya yaɗa, yanzu ana shuka shi a duk faɗin ƙasar.

Jajayen ire-ire da gonakinsu

Xinomavro, wanda ake furtawa ksinomavro, ma'anarsa baƙi mai tsami. Shi ne sarkin arewa. Babban gidansa Naoussa ne, a gangaren Dutsen Vermio, wajen kilomita 20 daga Biriya, garin da aka yaba wa mutanensa saboda binciken Littattafai. Ana kuma nomansa a Amyndeo mai sanyi, da Goumenissa, da Rapsani a gindin Dutsen Olimbus. Yana da wuyar sha'ani a gona, sabon ruwansa kuma yana da bauri kamar ɗanyen goro, sai ya yi shekaru a gangar katako da kwalba kafin ya yi laushi.

Agiorgitiko, wanda ake furtawa ayoryitiko, ya samo sunansa daga Waliyyi Jojiyos, tsohon sunan garin Nemea. Kwarin Nemea yana wajen kilomita 30 kudu maso yamma da Koranti, birnin da Bulus ya zauna shekara ɗaya da rabi, kuma shi ne yankin jan inabi mafi girma a ƙasar. Gonakinsa sun tashi daga mita 250 zuwa sama da 800. Na ƙasa yakan nuna da wuri ya yi zaƙi, na sama ya yi tsami, na tsakiya ne aka fi yabo.

Mavrodaphne na Patras da Kefaloniya an fi saninsa da jan ruwa mai zaƙi, wanda ikilisiyoyi da yawa suke amfani da shi. Limnio, daga tsibirin Limnos, yana cikin ire-iren da ake jin marubutan dā sun ambata. A Karita akwai Liatiko, wanda sunansa yake nuni da watan Yuli saboda saurin nunarsa, da Kotsifali da Mandilari da ake haɗawa a Archanes da Peza, ga kuma farin Vidiano da ya dawo da ƙarfi a 'yan shekarun nan.

Abin da wannan yake ƙara wa mai karatun Littafi

Gonakin da Yesu ya yi misali da su a ƙasar Yahudiya da Galili suke, ba a Girka ba, amma yanayin Bahar Rum ɗaya ne, aikin ma ɗaya, kuma da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari. Kalmomi uku sun cancanci mai koyarwa ya san su. Oinos ita ce kalmar yau da kullum, ita ce a bikin Kana, ita ce a shawarar da Bulus ya ba Timoti saboda cikinsa, ita ce kuma a gargaɗin Afisawa 5:18 a kan buguwa. Gleukos sabon ruwa ne mai zaƙi da bai gama tashi ba, da shi masu ba'a suka zargi almajirai ranar Fentikos. Oxos ruwan tsami ne, abin shan sojoji da talakawa, shi aka miƙa wa Ubangiji a kan gicciye. Ma'aunin da Yahaya ya ambata a Kana, metretes, wajen lita 39 ne, kowace randa kuma tana ɗaukar 2 ko 3. Wanda ya san al'adar gaurayawa zai gane nauyin Wahayin Yahaya 14:10, inda aka kwatanta fushin Allah da ruwan inabin da ba a sassauta da ruwa ba. Wanda ya san datsar Janairu zai gane cewa a Yahaya 15 reshe mai ba da 'ya'ya ma ba ya tsira daga wuƙa.

Tarihin bai ɓoye haɗarin ba. A Koranti, maƙwabciyar Nemea, an sami masu buguwa a wurin Jibin Ubangiji har Bulus ya tsawata. A Karita, tsibirin tsohuwar matsewa, an umarci Titus ya zaɓi shugabannin da ba mashaya ba, ya kuma gargaɗi tsofaffin mata kada sha ya bautar da su. Ruwan inabin da ba ya tashi, wanda ake iya ajiyewa a kwalba, sabon abu ne: wani likitan haƙori ɗan Metodis a Amurka, Thomas Welch, shi ya fara dafa shi ta hanyar Pasteur a 1869 domin Jibin Ubangiji. Da yawa daga cikin masu bisharar da suka zo Arewa a farkon ƙarni na 20 sun fito ne daga ikilisiyoyin da suka ƙaurace wa barasa, kuma mun ga da idonmu abin da maye yake yi wa gidaje. Saboda haka, 'yan'uwa, idan matashi ya tambaye mu a ajin nazari ko ruwan inabin zamanin manzanni yana bugarwa, mu faɗa masa gaskiya: yana bugarwa, ana gauraya shi da ruwa, manzanni kuma sun tsawata wa masu buguwa da shi. Sa'an nan mu buɗe masa Romawa sura 14, inda Bulus ya nuna cewa barin abin da zai sa ɗan'uwa tuntuɓe aikin ƙauna ne, mu karanta tare.